Wani wari mai kama da maganin tari yana tashi a motata, na rasa daga ina yake

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Motata ƙaramar salun ce ƙirar Japan ta 2009, Beljiyam na saye ta shekara uku da suka wuce, kuma ba ta taɓa ba ni wata matsalar a-zo-a-gani ba. To yau kusan mako uku ke nan wani wari yake tashi a cikinta. Ba na fetur ba ne, wannan na san shi. Ba kuma na ƙonewar roba ba. Abin da ya fi kama da shi shi ne maganin tarin yara, akwai ɗan zaƙi-zaƙi a ciki, amma da wani abu da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Da safe in na tayar da ita babu komai. Sai na yi tafiyar kamar minti 15 yake fara shigowa, in na kunna esi kuma sai ya cika motar.

Na kai an wanke kujeru da kafet, na canza turaren da ke rataye a madubi, uwargida ma ta yi mata turaren wuta har sau biyu. Kwana ɗaya ya dawo, yanzu ma ya gauraya da na turaren ya zama wani abu dabam. Jiya da muka dawo daga Gwarzo ita da yara duk sun ce kansu na ciwo. Allurar zafi tana tsakiya inda ta saba, ba wata fitila da ta kama a dashbod. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Dan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam leƙa ƙarƙashin motar tukuna. Sau tari leda ce take maƙalewa a jikin salansa ta narke. Ni sati guda na yi ina zargin wayarin, ashe baƙar leda ce na kwaso a titi.

Baban_Ilham:
@Dan_Kurna na leƙa ɗan'uwa, har da tocila. Salansa fes take. Kuma warin leda ai ƙauri ne, wannan ba ƙauri ba ne.

Rewaya_KofarRuwa:
Alhaji kafin komai a auna batir. Idan altaneto ya fara cajin da ya wuce kima, ruwan batir tafasa yake yi, yana fitar da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a mita. In an tayar ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.7. Ka ga ya haura 15, to regileta mai daidaita cajin ta tafi, a kashe motar nan take. Taɓa jikin batir ɗin ka ji ko ya yi zafi, duba ko gefensa ya kumbura. Kuma don Allah kada wani ya matso da taba ko ashana, iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Na ga batir ya fashe a fuskar yaron shago, Allah ne ya tsare masa ido.

MaiTaksi_Nyanya:
Ruɓaɓɓen ƙwai kuma ai indomi ma tana yin sa. Wannan abu mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa. In ta fara mutuwa ko ta toshe, kana taka mota a hawa za ka ji warin, ga rashin ƙarfi. Amma fa a yi hattara, ana ce maka a cire ta kada ka yi saurin yarda. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake rububinta. Ni an taɓa kwashe min tawa a wani gareji da sunan wankewa, sai da mota ta fara ƙara kamar babur na gane.

Baban_Ilham:
Na gode muku. Amma ba warin ƙwai ba ne wallahi. Na san wancan. Wannan zaƙi yake da shi.

Dogo_Fanteka:
Yallaɓai tun da ka ce zaƙi na san inda muka dosa, amma bari in yi maka tambaya uku kafin in yi magana. Na ɗaya, me ke cikin lagiretonka, ruwan famfo ne ko wannan ruwan mai kala, kore ko ja? Na biyu, yaushe rabon da ka duba robar ajiyar ruwan da ke gefen lagireto? Na uku, da safe ko da daddare, gilashin gaba yana yin hazo ta ciki, irin wanda in ka goge da hannu sai ya bar maiƙo?

Baban_Ilham:
@Dogo_Fanteka Oga kamar kana cikin motar. Ruwa mai kala ne, ja-ja, tun da na saye ta ban bari an zuba na famfo ba. Robar kuwa gaskiya na daɗe ban duba ba. Hazon gilashi kuma akwai shi, daga ƙasa yake farawa ta ɓangaren mai zaman banza. Na ɗauka ƙurar hunturu ce ta haɗu da numfashi. In na goge sai ya yi dama-dama, da daddare fitilar masu zuwa ta riƙa watsuwa a kai.

Dogo_Fanteka:
To Alhaji, ina kyautata zaton hita ce take yoyo. Bari in yi bayani don masu karatu.

A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto, bai wuce girman littafi ba. Tiyo biyu ne suke fitowa daga inji su ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota su shiga cikinsa, ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya dawo da shi. In ka kunna hita, fanka ce take hura iska ta jikinsa ta fito da ɗumi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a yawancin motocin nan ruwan yana zagayawa ta cikinsa kullum, ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba. Wani ɗan murfi ne kawai yake karkatar da iska. Saboda haka mutumin Kano da bai taɓa murɗa hita ba tun da ya sayi mota, ita hitar tana nan tana aiki tana tsufa.

In ta tsage ko ta huje, ruwan yana ɗiga cikin akwatin da iskar esi take bi. Shi ya sa ba ka jin komai sai inji ya ɗau zafi, domin sai ruwan ya yi zafi yake samun ƙarfin turowa ta ƙaramar kafa, kuma shi ya sa esi yake ƙara shi. Zaƙin da kake ji na shi ruwan lagireto mai kalar ne, wato kulan. Maiƙon gilashi ma shi ne.

Gobe da safe kafin ka tayar, mota a sanyaye, buɗe bonet ka duba robar nan, akwai layin sama da na ƙasa. Sannan ka ɗaga tabarmar ƙafa ta gaban mai zaman banza, ka tura hannu can ƙarƙashin dashbod ka danna kafet da ƙarfi. Kada ka tsaya a sama, soson da ke ƙasa ne yake shanye ruwan. In ya jiƙe, murza shi a yatsa. Ruwan esi garau yake kamar na sha, ba wari ba santsi. Na kulan yana da santsi da kala. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto mota da zafi.

Uwargida_Zazzau:
Ni ba makanikiya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, ciwon kan nan ne ya tsaya min a rai. Baban Ilham don Allah kada a ƙara saka yara a motar nan gilasai a rufe sai an gano. Idan kulan ne, sinadarin da ke cikinsa guba ne in an sha, ƙoda yake kamawa, kuma zaƙin nasa shi ne haɗarin, yaro ko kyanwa za su iya lasa. Kada a bar ragowarsa a gorar lemo a gida, kada kuma wani ya ce bari ya ɗanɗana ya tabbatar.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro wanda ba shi da wari ne. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar nan da take kashe mutane in an kwana da janareta a cikin gida. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Alamarta ta farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Mota guda kowa ya ce kansa na ciwo lokaci ɗaya, sun fita iska ta buge su sun ji sauƙi, to ni sai an duba min salansa daga gaba har baya kafin hankalina ya kwanta. Mai yiwuwa wari dabam, ciwon kai dabam.

Dogo_Fanteka:
Hajiya ta yi gaskiya, wannan ban kawo shi ba. A ɗaga motar a duba inda salansa ta haɗu da inji, da wannan wurin mai kama da saƙar waya da yake lanƙwasawa. In akwai ɓuli za ka ga baƙin toka a gefen wurin. A duba robar bakin but ma, in ta yage hayaƙi yana dawowa ta baya.

Sarkin_Yawo:
Ku dai kuna ta dogon turanci. Ɓera ne ya mutu a cikin esi. A sa fiya-fiya a rufe motar kwana ɗaya, magana ta ƙare.

Uwargida_Zazzau:
@Sarkin_Yawo Subhanallahi. Fiya-fiya a motar da yara suke shiga? Kujeru da kafet shanye shi suke yi, rana ta buga ya riƙa tashi sati da sati. Kuma in ɓeran ya riga ya mutu, me fiya-fiyar za ta kashe?

Sarkin_Yawo:
Hajiya a yi haƙuri, wasa nake. Rabi dai.

Dillalin_Dawanau:
Tun da an zo maganar magani, bari in faɗi abin da ya same ni, ko da ba shi ne na Baban Ilham ba wani zai amfana. Bara na ɗauko buhun wake biyu a but daga kasuwa zan kai wa surukaina. Tun kafin in kai rabin hanya wani wari ya cika motar, kamar tafarnuwa da ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi, kirjina ya riƙa ɗaurewa. Na tsaya na buɗe bonet ina ta dube-dube kamar na san abin da nake nema. Ashe ƙwayar nan ce da ake ƙullewa a tsumma a jefa cikin buhu saboda ƙwari. In ta sha danshin iska tururi take fitarwa, kuma tururin nan yana kisa a rufaffen wuri. But da cikin mota kuwa iskarsu ɗaya ce, bayan kujera ba ya tare komai. Tun daga ranar in zan ɗauki hatsi sai na tambaya an sa magani ko ba a sa ba, in an sa, a bayan a-kori-kura zai tafi. Wani maganin ƙwarin dabam da ake zuba wa wake, mai suna dichlorvos, ai shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Malam ka tuna ko ka ɗauki wani kaya a but kwanan nan.

Baban_Ilham:
@Dillalin_Dawanau Allah ya ƙara tsarewa. A but ɗina ba komai sai safaya da jak da darduma. Na fitar da su duka na shinshina, ba daga nan ba ne.

Bamarade:
Sannunku da hira. Mu nan Maradi abin da ya fi damunmu warin esansi ne, wato fetur, saboda kowa na ɗaukar bido, jarkar mai ke nan, a bayan mota. Wani ƙanena bidonshi ya zuba a but, wata biyu ana wanki bai fita ba, sai da munka cire kafet ɗin gaba ɗai munka shanya a rana, soson ƙasa kuwa yarda shi munka yi. Wani abin kuma, masu cewa a cika tanki har baki, famfo ya tsaya su ce ƙara, ƙara. Akwai wata 'yar tukunyar gawayi da ke shanye tururin mai, in ruwan man ya shige ta ta lalace, sai mota ta dinga wari kullum. Amma naku mai zaƙi, ni ma ina bayan Dogo. Mekanisiyan ɗinmu haɗe tiyo biyun nan yake yi waje guda, ya ce wa ke son hita a Maradi.

MaiTaksi_Nyanya:
Maganar warin mai ta tuna min Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur ɗin nan mai yawan methanol, layi ya dawo gidajen mai. Motoci da yawa a tasharmu sai da aka sauke musu tanki. Tun daga nan in na sha mai a wurin da ban saba ba sai na shinshina bakin tanki, matata tana ce min na zama kare.

MalaminKimiyya:
Ina so in ƙara wani abu a kan esi, tun da ya ce in ya kunna warin yake ƙaruwa. Gas ɗin da motocin shekarun nan suke amfani da shi R134a ne, shi ya maye gurbin R12 da aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. Shi kansa warinsa kaɗan ne ƙwarai, amma yana tafiya da wani mai a cikin bututu, in akwai yoyo a cikin dashbod za ka iya jin wani wari-wari kamar na asibiti. Bambancin shi ne sanyin esi zai riƙa raguwa har ya ƙare. Baban Ilham, sanyin ya ragu? Sannan an taɓa yi maka ƙarin gas kwanan nan? Ina tambaya ne saboda akwai jabun gas a kasuwa, wani ma mai kamawa da wuta ne. A duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, an rubuta irin gas ɗin da nauyin da mota take ɗauka.

In kuma warin kamar na jiƙaƙƙen tsumma ne ko safa, wannan fumfuna ce, ko dai matatar iskar da ke bayan akwatin dashbod ta cika da datti, ko tiyon da ruwan esi yake ɗiga ƙasa ya toshe.

Baban_Ilham:
Malam sanyi lafiya lau, har sai na rage. Ba a taɓa yi mata ƙarin gas ba a hannuna.

To ga rahoto. Yau da asuba bayan na dawo masallaci na yi yadda Oga Dogo ya ce. Robar ajiyar ruwa ta kusa ƙafewa, ɗan ja ne kawai a gindinta, ƙasa da layin ƙasa sosai. Na ɗaga tabarma, saman kafet a bushe, har na ce ba shi ba ne. Da na cusa hannu can sama kusa da inda kafet ya ƙare na danna, sai ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsuna. Na sa farin tishu, ya fito ruwan hoda. Na kai hanci, wallahi shi ne warin, sak. Mai wankin motar da na kai wa saman kawai ya wanke, ƙila ma ya ɗauka ruwansa ne bai bushe ba.

Dan_Kurna:
Allahu Akbar. Dogo a ba ka lambar yabo. Na janye ledata.

Dogo_Fanteka:
Alhamdulillahi. Amma kada a yi saurin kwance dashbod. A fara sa famfon gwaji a bakin lagireto a matsa iska a ga inda yake zubowa. Wani lokaci ba hitar ce ta huje ba, bakin tiyon ne ko 'yar robar da ke wurin haɗin, kuma wannan aikin ƙarami ne. Sannan tun da ruwa ya yi ƙasa haka, a tabbatar inji bai sha wahala ba: zaro sandar baƙin mai ka ga ko ya koma kamar shayi mai madara, duba ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan mota ta yi zafi. In babu, gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa, lafiya. Ka cika ruwan kafin ka motsa ta. Allurar zafi da ka ce tana tsakiya kada ta ruɗe ka, a motoci da yawa ba ta motsawa sai abu ya yi nisa.

In hitar ce, hanya biyu ce. Ko a canza ta, wanda a yawancin motocin nan sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda ne cur, wani lokaci har da sakin gas ɗin esi. Ko a yi abin da Bamarade ya faɗa, a zare tiyo biyun ta ɓangaren inji a haɗe su da ɗan bututu, ruwa ya daina shiga ciki. Minti 30 an gama.

Dan_Jos_Rayfield:
Ni dai ban goyi bayan haɗe tiyo ba. Ku mutanen Kano kuna ganin hita ado ce. Ku zo Jos a Disamba ku fita da asuba. Kuma ba don ɗumi kawai ba, da damina in gilashi ya yi hazo ana ruwa, iska mai ɗumi ce take share shi da sauri. Na taɓa hawa wata mota da aka yi wa haka, muna gangaren Hawan Kibo ana tsuga ruwa, direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da hula. Gyara dai a yi shi yadda masu ƙirar suka yi.

Rewaya_KofarRuwa:
@Dan_Jos_Rayfield esi kaɗai ma yana share hazo, ai busar da iska yake yi. Ni abin da nake tsoro sauke dashbod ne. Duk motar da aka sauke wa dashbod a hannun wanda bai iya ba, ƙarshenta wurinmu take zuwa: wannan soket an manta, wancan waya an matse ta da ƙarfe, fitilar jakar iska ta kama, ga ƙarar kwarakwara da ba ta ƙarewa. Wayar da aka matse kuwa wata rana ita ce za ta kawo wari na gaske, na ƙonewar roba, kuma wannan ba ya ba da mako uku. Af, tun da ruwa ya sauka a wurin ƙafar mai zaman banza, a duba ko akwai kwamfutar mota ko tarin soket a wurin, wasu motocin nan ake ɓoye su. A busar da su sosai.

Alhajin_Tipa:
Duk wannan wahalar kulan ce ta jawo. Shekara 30 ina tuƙi da ruwan rijiya, ban taɓa jin wani maganin tari ba. Kulan na ƙasar da ruwa ke daskarewa ne. Mu nan me zai daskare?

MalaminKimiyya:
Baba Alhaji, da girmamawa, hana daskarewa ɗaya ne kawai daga aikinsa. Yana ɗaga zafin da ruwa yake tafasa, kuma akwai maganin tsatsa a cikinsa. Injinan yanzu galibi alminiyam ne, ruwan rijiya da na burtsatse kuwa suna da gishiri-gishirin da ke cin ƙarfe ya kuma toshe ƙananan hanyoyi, irin farin abin da kake gani a gindin butar shayi. Tipa mai injin baƙin ƙarfe da ƙaton lagireto tana iya jurewa, ƙaramar mota ba ta iyawa. Kuma ka lura da wani abu: da ruwan rijiya ne a motar Baban Ilham, hitar za ta yi yoyonta shiru ba wari, sai dai wata rana inji ya tafasa a hanyar Gwarzo. Warin nan shi ya cece shi.

Alhajin_Tipa:
To Malam, na ji. Amma kulan ɗin kasuwar ma wani ruwa ne da kala kawai, ka zuba a hannu ba santsi ba komai. Gara ruwan da na san asalinsa.

Dogo_Fanteka:
Nan kam Baba ya faɗi gaskiya, jabu ya yi yawa. A saya a wurin da aka yarda da shi, a karanta jikin galan ko wanda aka riga aka sirka ne ko sai an sirka rabi da rabi. In za a sirka, da ruwan batir marar asid za a yi, ba na famfo ba. Kuma kada a dogara da kala, ja da ja ba lallai su zama iri ɗaya ba. In ba a san abin da ke ciki ba, a zubar duka a wanke a zuba sabo.

Uwargida_Zazzau:
In za a zubar don Allah a tara a mazubi, kada a sake shi a ƙasa inda awaki da kaji suke sha.

Baban_Ilham:
Salam. Na dawo daga gareji. An sa famfon gwaji, hitar ce da kanta, muna kallo ruwa yana ɗigowa ta ƙasan akwatin. Baƙin mai lafiya, ba farin hayaƙi. Kuɗin sabuwa da na aikin sauke dashbod ya fi ƙarfin aljihuna a watan nan, saboda haka na ce a haɗe tiyo tukuna, Dan Jos ka yi haƙuri. An cire kujerar gaba an ɗaga kafet, soson ƙasa kamar an tsoma shi a kwata, mun yar da shi, kafet yana kan katanga yana shan rana. Hajiya, an ɗaga motar an duba salansa kamar yadda kika ce, an sami 'yar tsaga kusa da wurin saƙar wayar nan da baƙin toka a gefenta, an yi walda. Ban san wanne ne ya kawo ciwon kan ba a cikin biyun.

Sai dai wani abu. A hanyar dawowa zaƙin ya ragu sosai, amma da na tsaya a danja sai na ji wani ɗan ƙauri-ƙauri, kamar an ɗiga mai a kan murhu. In ina tafiya babu.

Dogo_Fanteka:
Zaƙin zai ɗauki kwanaki, akwai saura a cikin akwatin iska. Ka riƙa kunna fanka da ƙarfi gilasai a buɗe. Ƙaurin kuma duba gefen murfin saman inji, in gasket ɗinsa ya bushe baƙin mai yana tsattsafowa ya sauka a kan bututun hayaƙi. Mai yiwuwa yana nan tuntuni, wancan warin ne ya danne shi.

Rewaya_KofarRuwa:
Ko kuma kulan ɗin da ya zube a jikin inji lokacin da suke zare tiyo ne yake ƙonewa, ko fentin wurin waldar. Ba shi kwana biyu. Amma in ka ji ya koma kamar roba, ka tsaya ka cire kan batir. Har yanzu dai ba ka auna min cajin nan ba, Alhaji.

Dan_Jos_Rayfield:
Ba komai Baban Ilham, aljihu shi ne alƙali. Amma ka sa a toshe bakin bututun hitar biyu da suka rage a buɗe, kada ƙura da zanzaro su gina gida a ciki kafin ka samu kuɗin.

MamanBiyu_Kaduna:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Tawa ba zaƙi ba, in na taka burki a gangara ne nake jin wari kamar an ƙona gashi, kuma tayar baya ta dama tana zafi fiye da sauran in na taɓa wil ɗin. Shi ma hitar ce?

Dogo_Fanteka:
A'a Hajiya, naki burki ne yake riƙewa a tayar nan. Kada ki hau babban titi da ita. Burkin hannu yana sauka har ƙasa kuwa?